Ba Kullum Ne Laifin Netwok Ba: Yadda Ake Tsara Faifan Rumbun Bayanai A Sabar Haya

Idan manhajar banki ta tsaya tana juya 'yar da'ira, ko shafin duba sakamakon jarrabawa ya ƙi buɗewa ranar da kowa ya yi masa caa, abu na farko da mai waya ke zargi shi ne netwok. Sau da yawa zargin gaskiya ne. Amma akwai lokutan da sandunan netwok suke cike, data tana nan, saƙon ma ya isa inda aka aike shi cikin ƙiftawar ido, sai dai ya tarar da layi. A can ɗaya ɓangaren akwai kwamfutar da ake kira sabar, a cikinta akwai rumbun bayanai, shi kuma rumbun yana tsaye yana jiran faifan ajiya ya gama rubuta abin da aka ba shi.

Duk manhajar da ke riƙe da kuɗi, sunaye, saƙonni ko maki tana da irin wannan rumbu a bayanta. Sanannu daga ciki su ne PostgreSQL da MySQL da SQL Server na kamfanin Microsoft. A yau kuma da wuya matashin da ya rubuta manhaja ya sayi ƙatuwar kwamfuta ya girke a ɗaki. Haya yake kamawa a wajen kamfanoni irin su Amazon, Microsoft, Google, DigitalOcean ko Hetzner, yana biya da dala ko yuro duk wata. Ranar da ya zo kama hayar, tambaya ɗaya shafin ke fara jefa masa: GB nawa kake so? Yawancin sababbin shiga a nan tunaninsu ke tsayawa. Alhali tambayoyin da ke raba sabar mai ɗorewa da mai faɗuwa guda biyu ne daban: wane aiki ne zai riƙa jiran wani a bakin faifai, kuma idan faifai ɗaya ya cika ko ya mutu, me da me zai tafi tare da shi?

Gidan haya mai famfo ɗaya

Abin da ake bayarwa haya ba cikakkiyar kwamfuta ba ce. Kamfanin yana da babbar na'ura guda, sai ya sa mata wata manhaja mai rabo, irin su VMware ko KVM ko Hyper-V, wadda ke yanyanka ta zuwa ƙananan kwamfutoci masu yawa. Kowace ɗaya tana da babbar manhajarta, da rabonta na RAM, da abin da take gani a matsayin faifanta. Ita ce ake kira kwamfutar inuwa, masu sana'ar kuma suna taƙaita sunanta da VM.

Misalin da ya fi kusa shi ne gidan haya. Kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma famfon tsakar gida ɗaya ne. Faifan da kwamfutar inuwa ke gani, galibi wani babban fayil ne kawai da ke zaune a kan faifan gaske tare da na maƙwabta, ko kuma wani yanki na ma'ajiyar da ke wani ɗakin daban wadda ake isa gare ta ta wayar netwok. Saboda haka mutum zai iya ƙirƙirar faifai huɗu, ya ba su sunaye huɗu, ya ji hankalinsa ya kwanta cewa ya raba aiki, alhali duk huɗun a kan ƙarfe ɗaya suke. Tamkar mutum ne ya sayi bokiti huɗu ya tafi da su famfo ɗaya. Wannan shi ne babban bambancin tsara faifai a kwamfutar inuwa da tsara shi a kwamfutar da ake iya taɓawa da hannu: dole a san abin da ke ƙarƙashin sunan.

Darasin da ke jikin memori

Kafin maganar rabo, akwai ma'auni uku da ya kamata a bambance, kuma mai waya yana da misalinsu a aljihu. A jikin memorin waya akan ga rubutu kamar V30, a gefe kuma A1 ko A2. V30 na nufin katin zai iya rubuta aƙalla MB 30 a daƙiƙa idan abu ɗaya dogo ake zuba masa, kamar bidiyo. Wannan shi ne faɗin hanya. A1 kuwa wani alkawari ne daban: katin zai iya yin ƙananan karatu 1,500 da ƙananan rubutu 500 a daƙiƙa, a wurare barbaje. A2 ya ɗaga su zuwa 4,000 da 2,000. Wannan adadin kai-komo a daƙiƙa shi ake kira IOPS. Shi ya sa katin da ke kwafe fim cikin sauri zai iya sa manhaja ta riƙa jan ƙafa idan aka mayar da ita kansa.

Rumbun bayanai ɗan kai-komo ne. PostgreSQL da SQL Server suna ajiye bayanai a shafuka masu girman KB 8, InnoDB na MySQL kuma KB 16. Idan aka nemi bayanin ɗalibi guda, rumbun zai tsinci shafi a nan, wani a can, wani a gaba. Tsohon faifai mai juyawa sau 7,200 a minti bai cika wuce irin wannan kai-komo 100 a daƙiƙa ba, saboda sai allura ta tashi ta je inda bayanin yake. SSD ba shi da allura, yana yin dubun-dubatai.

Ma'auni na uku shi ne jinkiri, wato tsawon lokacin da aike guda ke ɗauka kafin amsa ta dawo. Ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Lissafinsa mai sauƙi ne: idan kowane rubutu sai ya jira na gabansa, kuma kowanne yana cin milisakan 1, za a yi 1,000 a daƙiƙa. Idan yana cin milisakan 10, an koma 100, komai girman faifan da komai ƙarfin kwamfutar.

Ƙaramin littafi da babban kundi

Mai shagon da ciniki ya yi wa yawa ba ya buɗe babban kundin lissafi a kan kowane mai saye. Yana da ƙaramin littafi a gabansa, yana rubuta ciniki layi bayan layi yadda ya zo. Idan kasuwa ta lafa sai ya kwashe ya shigar da kowanne a shafin da ya dace a babban kundi. Ko da wani abu ya katse shi a tsakiya, ƙaramin littafin zai nuna masa inda ya tsaya.

Haka rumbun bayanai yake aiki. Kafin ya taɓa ainihin fayilolin bayanai, sai ya fara rubuta canjin a littafin rajista. PostgreSQL na kiran nasa WAL, yana ajiye shi a fayiloli masu girman MB 16 kowanne. Kuma ba zai ce wa manhaja "an gama" ba sai faifai ya tabbatar masa cewa layin ya zauna daram. Wannan ɗan jiran shi ne mai waya ke gani a matsayin da'ira mai juyawa bayan ya danna "tura". Dabarar ma tana cikin wayar kanta: manhajojin Android da iPhone da yawa suna amfani da ƙaramin rumbu mai suna SQLite, wanda ya samu irin wannan littafi tun 2010.

Daga nan ake gane cewa sabar rumbun bayanai tana da ayyuka iri biyar masu halaye daban-daban a bakin faifai.

Na farko, babbar manhaja, Linux ko Windows, tare da bayanan da take rubutawa game da kanta. Ba ta da yawan kai-komo, amma idan wurinta ya cika, ko shiga sabar domin gyara zai iya yin wuya.

Na biyu, fayilolin bayanai. Su ne masu girma, masu ƙaruwa kullum, masu karatu da rubutu a barbaje. Abin da suke so shi ne IOPS mai yawa da sarari.

Na uku, littafin rajista. Rubutunsa a jere ne, ƙanana-ƙanana, babu tsayawa. Ba ya buƙatar sarari mai yawa, amma jinkiri ne babban maƙiyinsa.

Na huɗu, wurin aikin wucin gadi. Idan aka ce rumbu ya jera sunaye miliyan bisa haruffa kuma RAM bai isa ba, sai ya zube su a faifai ya yi aikin, ya share. A SQL Server wannan wurin sunansa tempdb, kuma sabo ake ginawa duk lokacin da aka sake kunna rumbun.

Na biyar, kwafin ko-ta-kwana, wanda ake komawa gare shi idan komai ya lalace. Rubutunsa dogo ne mai cinye faɗin hanya.

Idan aka tara duk biyar ɗin a faifai guda, ranar da shugaban ma'aikata ya nemi rahoton shekara, ko kwafin dare ya makara har gari ya waye, ƙananan rubutun littafin rajista za su shiga layi bayan manyan kaya. Mai sayen katin naira 200 sai ya tsinci kansa yana jiran a gama sauke tirela.

Riba biyu na rabo

Raba faifai yana da amfani biyu, kuma bai kamata a cakuɗa su ba.

Na farko sauri ne, amma ana samunsa ne kawai idan kowane faifai yana da nasa kaso na gaske. A Amazon, faifan EBS nau'in gp3, wanda ya fito a Disamban 2020, yana zuwa da IOPS 3,000 da MB 125 a daƙiƙa komai ƙanƙantarsa. Idan aka ware wa littafin rajista gp3 nasa, to ya samu layinsa shi kaɗai. Tsohon nau'in gp2 kuwa yana ba da IOPS 3 ne a kan kowane GB, wato faifai mai GB 100 yana da 300 kacal. Ana ba shi garaɓasar da zai iya kaiwa 3,000 na ɗan lokaci, amma idan aka matsa masa ba hutu, garaɓasar na ƙarewa cikin kusan minti 33. Wannan ne ke sa wata manhajar ta yi gudu a gwajin minti goma, ranar aikin gaske kuma ta fara da kyau, bayan rabin sa'a ta durƙushe ba tare da an canza komai ba.

Akwai kuma wani rufin a sama. A Amazon da Azure, ita kanta kwamfutar inuwar tana da iyakar abin da za ta iya ja daga dukkan faifanta a haɗe, gwargwadon girman da aka kama. Wanda ya manna faifai masu tsada guda huɗu a jikin ƙaramar VM ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa mora ba. Dole a duba lambobin biyu tare.

Amfani na biyu shi ne katanga, kuma ana samunsa ko da duk faifan a ƙarfe ɗaya suke. Idan wurin littafin rajista ya cika, PostgreSQL tsayawa yake cak, domin ba zai karɓi abin da ba zai iya rubutawa ba. SQL Server kuma yana ƙin sabon rubutu da kuskure mai lamba 9002. Littafin yana iya kumbura ba zato: a PostgreSQL idan sabar ta biyu da aka yi wa alkawarin riƙe mata fayilolin ta daina karɓa, ko kwashe su zuwa ma'ajiya ya tsaya, a SQL Server idan an zaɓi tsarin cikakken farfaɗowa amma ba a ɗaukar kwafin littafin. Idan kowa yana da ɗakinsa, ambaliyar ɗaya ba za ta shiga ɗakin ɗaya ba, kuma mai kula da sabar zai ga nan take wanda ya cika.

A irin wannan ruɗani ne mutane da yawa suka yi wa kansu ɓarna. A da, jakar littafin rajistar PostgreSQL sunanta pg_xlog. Masu neman sarari cikin gaggawa sukan ɗauka tarkacen rahoto ne, su goge, rumbun ya lalace. Abin ya yi yawa har aka canza mata suna zuwa pg_wal a fitowa ta 10, a 2017.

Tarkuna huɗu na kwamfutar inuwa

Tarko na farko shi ne sararin alkawari. Manhajojin rabo irin su VMware da Proxmox suna ba da damar a ƙirƙiri faifan da aka rubuta masa GB 500 amma bai ci komai ba sai abin da aka zuba masa. Da haka mai na'ura mai TB 1 zai iya yi wa VM biyar alkawarin GB 500 kowace. Muddin ba su cika tare ba, lafiya lau. Ranar da ma'ajiyar gaske ta ƙare, duk wadda ta nemi ƙarin wuri za ta tsaya, alhali daga ciki kowace na ganin tana da sauran sarari. Ga faifan bayanai da na littafin rajista, ya fi aminci a ware sararin gaba ɗaya tun farko, ko a sa ido sosai a kan ma'ajiyar ƙasa.

Na biyu, faifan da ba ya kwana. Wasu VM suna zuwa da faifai mai tsananin sauri da ke manne a jikin na'urar da suke zaune a kai. A Azure mai Windows yakan fito da harafin D, a Amazon ma akwai irinsa. Saurinsa na jan hankali, sai dai idan aka kashe VM ɗin aka saki na'urar, ko aka ɗauke ta zuwa wata, duk abin da ke ciki ya tafi. Wurin aikin wucin gadi ne ya dace da shi, tun da dama sharewa ake yi. Bayanai ko littafin rajista kuwa ba su da abin yi a can.

Na uku, amsar ƙarya. Tsakanin rumbu da faifan gaske akwai matakai da dama, kuma kowanne na iya riƙe rubutu a RAM ɗinsa ya ce "na rubuta" domin a ga yana da sauri. Idan wuta ta ɗauke a wannan tsakanin, rumbun ya riga ya shaida wa manhaja cewa kuɗi sun shiga, amma layin bai taɓa isa faifai ba. Shi ya sa Microsoft ke ba da shawarar a kashe wannan riƙon a faifan littafin rajistar SQL Server a Azure, a bar na karatu kawai a faifan bayanai. Maganar ta fi shafar makarantu da asibitoci da ƙananan kamfanonin da ke girka sabarsu a ofis a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. SSD na sabar yana da 'yan ma'ajiyar caji da ke ba shi damar ƙarasa rubutu idan wuta ta yanke, yawancin na laftof kuma ba su da su. Araha ba ta ado.

Masu irin wannan na'ura ta ofis suna da ƙarin zaɓi a kan yadda za su haɗa faifai da yawa su zama ɗaya, abin da ake kira RAID. RAID 5 yana ba da sarari mai yawa, amma kowane ƙaramin rubutu yana jawo aiki 4 a ƙasa, RAID 6 kuma 6. RAID 10 yana cinye rabin sararin, amma aiki 2 kawai yake jawowa, shi ya sa aka fi zaɓensa ga rumbu mai yawan rubutu.

Tarko na huɗu, hoton faifai. Da danna maɓalli ɗaya ana iya daskarar da yanayin faifan VM domin a koma masa idan gyara ya ɓaci. A VMware, daga wannan lokacin duk sabon rubutu yana tafiya ne wani fayil na gefe da ke ta kumbura, kuma kamfanin da kansa ya ce kada a bar hoto ya wuce sa'o'i 72. Hoton yana zaune a ma'ajiya ɗaya da asalin faifan, idan ta mutu tare za su tafi. Sannan ga wani abu da rabon faifai ke haifarwa: idan bayanai suna faifai ɗaya, littafin rajista yana wani, dole a ɗauki hotunansu a lokaci guda daidai, in ba haka ba ƙaramin littafi da babban kundi za su saɓa. Sai a 2019 Amazon ya ƙaro damar ɗaukar hoton faifai da yawa tare.

Daren da GitLab ya rasa GB 300

GitLab shafi ne da masu rubuta manhaja a faɗin duniya ke ajiye ayyukansu. A farkon 2017 rumbunsa na PostgreSQL yana kan VM biyu a Azure, babba da mataimakiya mai kwafar duk abin da babbar ta rubuta. Abin da ya faru ranar 31 ga Janairun shekarar, kamfanin da kansa ya wallafa shi dalla-dalla.

Da yamma masu aika saƙonnin banza suka yi wa shafin lodi, rubutu ya yi yawa, mataimakiyar ta kasa cim ma babbar. Kafin ta karɓi wasu fayilolin littafin rajista, babbar ta riga ta share su, kuma ba a ajiye kwafinsu a ko'ina ba. Mafita ɗaya ta rage: a share mataimakiyar a sake cika ta daga farko. Wajen ƙarfe 11:30 na dare agogon GMT, wani injiniya da ya daɗe yana fama ya ba da umarnin sharewa, sai dai a kan babbar ya bayar. Kafin ya ankara ya tsayar, kusan GB 300 sun tafi, saura kamar GB 4.5.

Aka juya ga kwafin ko-ta-kwana, sai aka tarar wurin wayam. Manhajar da ke ɗaukar kwafin ta fitowa ta 9.2 ce, rumbun kuma 9.6 ne, don haka ta daɗe tana faɗuwa, saƙonnin gargaɗin da take aikawa ta imel kuma ba sa isa. Hotunan faifai na Azure an kunna su ga wasu sabobin, ban da na rumbun bayanai. Abin da ya cece su shi ne wani hoto da injiniyan ya ɗauka da hannu wajen ƙarfe 5:20 na yamma domin wani gwaji, kimanin sa'o'i shida kafin ɓarnar.

Ko shi ma ɗin bai zo da sauƙi ba. Yana zaune ne a sabar gwaji, wadda aka ɗora a kan faifai masu araha da gudunsu bai wuce kusan megabit 60 a daƙiƙa ba. Kwafo shi zuwa babbar sabar ya ci kusan sa'o'i 18, dubban mutane suna kallon aikin kai tsaye a YouTube. Da shafin ya dawo ranar 1 ga Fabrairu, ayyuka kusan 5,000, sharhi kusan 5,000 da sababbin asusu kusan 700 sun salwanta. Ainihin rubutun manhajojin mutane bai taɓu ba, saboda a wata ma'ajiya daban yake.

Kuskuren hannu ɗaya ne, amma girman asarar tsarin ajiya ne ya yanke shi: littafin rajistar da ba a kwashe shi zuwa wani wuri, faifan da ba a ɗaukar hotonsa, da kuma faifan arahar da ba wanda ya taɓa lissafa tsawon lokacin da zai ɗauka wajen dawo da kaya. Abin da aka ware daban kuwa shi ne ya tsira. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Nisa ma yana cikin lissafi. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa. Masu hayar da kwafinsu ke wuri ɗaya da sabarsu sun rasa duka biyun, masu wasan Rust ma sun sanar da asarar bayanan sabobinsu 25 na Turai. Tsohuwar ƙa'idar 3-2-1 saboda irin wannan rana aka yi ta: kwafi 3, a ma'ajiya iri 2, ɗaya a wani wuri mai nisa. Mai WhatsApp ma ya san bambancin: kwafin da ke cikin wayar tare da ita yake ɓacewa, wanda ke Google Drive shi ke dawo da hira a sabuwar waya.

Tsari ga mai ƙaramin jari

A ce wani matashi ya rubuta wa makaranta manhajar rajista da sakamako. Bayanan sun kai GB 20 yanzu, suna ƙaruwa da GB 2 a wata. Nan da shekara biyu za su kai GB 68. Idan aka bar kusan kashi 30 cikin 100 a buɗe saboda gyare-gyaren da rumbu ke yi wa kansa, faifan bayanai mai GB 100 ya wadatar. Babbar manhaja ta samu nata na GB 30 zuwa 40. Littafin rajista ya samu ƙaramin faifai mai ƙarancin jinkiri, kamar GB 20 zuwa 30, ana kwashe fayilolinsa zuwa wata ma'ajiya a kai a kai. Hotunan ɗalibai da takardun da aka ɗora su zauna a ma'ajiyar fayiloli mai araha, rumbun ya riƙe adireshinsu kawai. Kwafin ko-ta-kwana kuma ya tafi wani gari, in da hali wani kamfani.

Idan kuɗin bai kai ga haka ba, mafi ƙarancin abin yi shi ne a raba babbar manhaja da bayanai, a kuma fitar da kwafi waje. A ƙaramar sabar da komai ke kan SSD ɗaya, ware littafin rajista ba zai ƙara sauri ba, katanga kawai zai bayar, don haka ana iya jinkirta shi har ciniki ya buɗe.

Ba a kuma son zarce gona da iri wajen girma. A Amazon da Azure ana iya ƙara wa faifai girma, amma ba a iya rage shi, kuma kuɗinsa na tafiya duk wata ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Gara a fara daidai, a sa ƙararrawar da za ta buga idan ya kai kashi 80 cikin 100, a tabbatar kuma ƙararrawar tana isa wayar wani mai rai.

Kafin a buɗe wa jama'a, sauran gwaji biyu. Na farko, a auna faifan da manhajar fio, da kuma pg_test_fsync mai nuna rubutu nawa tabbatacce yake iya karɓa a daƙiƙa, a bar gwajin ya zarce sa'a guda domin garaɓasa ta ƙare a ga ainihin ƙarfinsa. Na biyu, a ɗauki kwafin ko-ta-kwana a dawo da shi a wata sabuwar VM, a kunna agogo. Adadin mintunan da ya nuna shi ne tsawon lokacin da makarantar za ta zauna babu manhaja a ranar da abu ya ɓaci. Idan lambar ta yi wa mai makarantar yawa, yanzu ne lokacin canza faifan, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.